Yadda Za Ka Zaɓi Baƙin Mai Don Mashin Mai Jiƙaƙƙen Kuloci da Babur Mai Ƙafa Huɗu

A bazarar da ta wuce, ɗan ƙanwata da ke kabu-kabu tsakanin Aliero da Jega ya turo Boksarsa har ƙofar gidana, ransa a ɓace. Ya ce, "Kawu, baki ne ya kama mashin ɗin nan. Ihu yake kamar zai tashi sama, amma ba ya gaba. Buhu biyu na albasa na ɗora, ɗan tudun da ba ya ko gezau a kai sai da na sauko giya biyu." Mashin ɗin bai cika shekara ba a hannunsa.

Na tambaye shi wane mai ya zuba a juyen ƙarshe. Ya ce ai na manya ne, ragowar galan ɗin da maigidansa ya yi wa motarsa juye da shi ne aka ba shi kyauta. Na sa ya ɗauko galan ɗin. A gaba an rubuta 5W-30, a baya kuma akwai wata da'ira mai ɗauke da kalmomin Resource Conserving. Man na gaske ne, mai tsada ne, ba jabu ba. Sai dai don mota aka yi shi, kuma abin da ya sa ya yi wa mota kyau shi ne ya hana mashin tafiya.

Na daɗe ina kwance injin mashin ina ɗaurawa, kuma wannan kuskure ya fi yi mini ciwo fiye da sauran, domin mai shi yakan yi shi ne da niyyar kyautata wa abin hawansa.

Abin da ke faruwa a cikin injin

A mota mai giyar hannu, kowa da ɗakinsa. Injin na da mansa, giya na da nata, kuloci kuwa a bushe yake, idan mai ya taɓa shi ma ya lalace. A yawancin mashinan da muke hawa, Boksa da TVS da Jincheng da Haojue da Daylong da roba-roba, duka ukun ɗaki guda suke kwana. Litar nan guda da ka zuba ita ce ke shafe fistin da ringi da karanshaf, ita ce ke shiga tsakanin haƙoran giya, a cikinta kuma farantan kuloci suke wanka. Shi ya sa ake ce masa jiƙaƙƙen kuloci. Keke Napep ma irin wannan kulocin gare shi.

Farantan nan, waɗanda muke kira filet a gareji, iri biyu ne a jere, ɗaya bayan ɗaya: na ƙarfe zalla, da masu faiba a jiki. Sifirin ne ke matse su wuri guda. Ka ja hannun kuloci su rabu, ka saki su haɗu. Duk ƙarfin da injin ke haifarwa ta wannan riƙon yake bi kafin ya isa sarƙa da taya. To ka ga ana neman abu biyu masu karo da juna daga mai guda: ya yi santsi a wajen fistin, amma kada santsin ya kai ga hana faranti kama ɗan'uwansa.

A shekarun 1990 kamfanonin mai suka shiga ƙara wa man mota sinadaran rage guga, irin masu molibdinam, don mota ta rage shan fetur. Ga mota alheri ne. Ga kulocin da ke cikin mai kuwa, kamar ka shafa sabulu a hannu ne ka ce za ka kama tarwaɗa a Matan Fada. A Japan, inda Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki suke, aka ga matsalar na ƙaruwa, sai hukumar ma'aunin ababen hawa ta ƙasar, JASO, ta fito da ma'auni na musamman don man babur, JASO T903, a 1998. Wannan ma'aunin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa nan gaba.

Mataki na farko: san irin mashin ɗinka

Idan mashin ɗinka na da giyar ƙafa da hannun kuloci, kuma ba a haɗa masa mai a fetur, kulocinsa jiƙaƙƙe ne. Roba-roba ba ta da hannun kuloci, shi ya sa wasu ke zaton ba ruwanta da wannan magana. Da ruwanta. Kulocinta mai kama kansa ne idan injin ya ɗauki gudu, kuma a cikin mai yake.

Iri biyu ne suka fita daban. Na farko sikuta, wadda ba a sa mata giya sam, murɗa totur kawai ake yi, bel ke ja. Kulocinta a bushe yake, a wajen injin. Na biyu tsofaffin mashina masu ƙona mai tare da fetur, irin Vespa ta da da Suzuki AX100. Su man da ake haɗawa da fetur shi ne mai alamar 2T, kuma darajarsa JASO FB ko FC ko FD ce. Giyarsu na da nata man daban, kuma kulocinsu a cikinsa yake, don haka shi ma kada a zuba masa mai santsin mota. 2T ba ya shiga cikin injin Boksa, 4T kuma, wato man da ake zubawa a cikin injin irin na Boksa, ba a haɗa shi da fetur.

In ɗan littafin da ya zo da mashin yana nan, ɗauko shi. Shafi guda ne ke maganar mai, kuma a nan za ka ga kauri da daraja da yawan da ake zubawa. Yawancinmu a shagon dila muke barinsa, ko yara su yi wasa da shi, alhali ya fi bakin makanikai goma amfani, har da nawa.

Mataki na biyu: juya galan, karanta bayansa

Gaban galan talla ne. Hoton babur, hoton wuta, manyan haruffa, duk ba su ne hujja ba. Ko alamar 4T ma nuni ne kawai cewa don injin da ba a haɗa masa mai aka yi, ba shaidar gwaji ba ce. Abin da kake nema a baya yake, haruffan JASO da abin da ya biyo su.

MA na nufin an gwada man a kan injin auna gugar kuloci, ya ci jarrabawa. A gyaran da aka yi wa ma'aunin a 2006 aka raba MA gida biyu, MA1 da MA2. MA2 ya fi riƙo, MA1 na ƙasa da shi kaɗan, wanda kuma sakamakonsa ya faɗa tsakanin biyun sai a bar masa MA kawai. Abu uku ake aunawa: yadda faranti ke kamawa yayin da yake cikin juyi, yadda yake riƙewa bayan ya kama, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya gama kamawa. Duk ukun nan, MA da MA1 da MA2, sun halatta ga jiƙaƙƙen kuloci. Ni dai ga mai ɗaukar kaya, buhunan shinkafa daga fadama ko mutum uku a kan sit guda, MA2 nake zaɓa.

MB shi ne mai santsi, na sikuta. Ga inda ake ruɗewa: galan ɗin na ɗauke da hoton babur, an rubuta 4T, an rubuta JASO, mai saye ya ga komai ya cika, bai lura harafin ƙarshe B ne ba. Ka zuba MA a sikuta ba abin da zai same ta, sai dai ta ɗan ƙara shan mai. Ka zuba MB a Boksa, ka sayi zamewar kuloci da kuɗinka.

Man da aka yi wa rajista sosai yakan zo da ɗan akwati mai kusurwa huɗu, MA ko MA2 a tsakiya, da lamba mai farawa da harafin M a samansa. Jerin waɗannan lambobi na nan a intanet ga mai son bincikawa. Wasu kamfanonin sukan rubuta cewa mansu ya cika sharuɗɗan JASO MA2 ba tare da akwatin ba. Idan sanannen kamfani ne, kuma daga hannun dilansa ka saya, ina karɓa. Idan sunan da ban taɓa ji ba ne, ina ajiyewa.

Sai abin gudu. Man mota na zuwa da da'irar API, cibiyar man fetur ta Amurka da ke ba mai daraja, a baya. Sama an rubuta darajarsa, tsakiya kaurinsa, ƙasa kuma, in akwai, za ka ga Energy Conserving ko Resource Conserving, wato alamar tsimin fetur. Da ka ga ɗayan biyun nan, mayar da shi kan kanta. Haka idan ka ga ILSAC GF-5 ko GF-6, su ma alamun man mota mai tsimin fetur ne. Littattafan baburan Honda sun faɗi wannan ƙarara, sun kuma hana mai mai ɗauke da ƙarin molibdinam ko girafayit.

Na san abin da wani zai ce: "Ai ni shekara biyar ina zuba man mota 20W-50, kulocina bai taɓa zamewa ba." Gaskiya ne, yana faruwa, kuma akwai dalili. Alamar tsimin fetur a kan mai marasa kauri ake samunta, irin su 0W-20 da 5W-30 da 10W-30. Man mota mai kaurin 20W-50 ba ya cikin wannan rukunin, don haka sau da yawa kuloci na haƙuri da shi. Amma ba a gwada shi a kan kuloci ba, kuma ba a yi shi don haƙoran giya ba. Akwai wasu dogayen sinadarai a cikin mai da ke hana shi tsinkewa idan ya yi zafi, giya kuwa yanka su take yi kamar almakashi, har man da ya shiga da kauri ya koma ruwa-ruwa tun lokacin juyensa bai yi ba. JASO na gwada juriyar mai ga wannan yankan. Ƙari a kan haka, an rage fosfarus a man motocin zamani don kare matatar hayaƙin salansa, alhali shi ne ke kare ƙarfe daga cin ɗan'uwansa a cikin giya. Idan ka maƙale a ƙauye babu na mashin, man mota 20W-50 marar waccan alamar zai kai ka gida. Kada dai ya zama abincin kullum.

Manoman rani su ji wannan da kyau, domin na sha gani a Argungu da Suru: galan guda ake saye, a zuba wa injin ban-ruwa, a zuba wa janareta, ragowar a juye wa mashin. Injin ban-ruwa ba shi da kuloci, ba ruwansa da JASO. In dole galan guda za a saya, a sayi na mashin a ba injin ban-ruwa, ba akasin haka ba.

Mataki na uku: kauri

Lambobi biyun nan, kamar 20W-50, ba ado ba ne. Ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudana a sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin gudu. Ta biyu tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100, wato bayan injin ya ɗauki wuta. 50 ya fi 40 kauri, 40 ya fi 30.

Mashinanmu iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. A watan Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, iskar da ake so ta sanyaya injin ita kanta kamar daga bakin tanda take fitowa. Ga injin ƙarami da ke juyi dubu shida ko bakwai a minti, inda mota a kan titi ke tafiya da dubu biyu zuwa uku. Shi ya sa 20W-50 ya karɓu a wajenmu, kuma ga mashinan da littafinsu ya ambace shi, musamman waɗanda suka kwana biyu, shi ne daidai. Amma ba kowa ba. Sababbin injina da yawa, musamman na Honda, 10W-30 aka tsara musu, wasu kuma 10W-40. Hanyoyin mansu ƙanana ne, mai kauri na jinkirin isa kan bawul da safe. Bi abin da littafin ya ce. Idan ya ba ka zaɓi biyu gwargwadon zafin gari, ɗauki mai kaurin, domin zafinmu ya fi sanyinmu tsawo. Ka lura kuma, akwai 10W-30 na mota akwai na mashin, lambar iri ɗaya ce, JASO ce ke raba su.

SAE 40 mai lamba guda ya cika kasuwa saboda araha. A zafi ba laifi, amma da sanyin safiyar hunturu yakan yi nauyi, faranti su manne, ka sa giya ɗaya mashin ya yi tsalle ya mutu, firi ta yi wuyar samu. Yawancinsa ma ba shi da JASO.

Akwai wata al'ada da nake so a bari: ɗiga mai a yatsa a murza, wai a ji kaurinsa. Yatsa ba ya jin abin da zai faru a digiri 100. Masu haɗa jabu sun san da wannan gwajin, shi ya sa nasu ke fin na gaske yauƙi a hannu. Haka maganin nan mai kama da zuma da ake ƙarawa a mai don hana hayaƙi ko kashe ƙara. Idan ringi ya cinye, a canza ringi. Da yawa daga cikin waɗannan magungunan santsi suke ƙarawa, kuma kuloci ne ke biyan bashin.

Mataki na huɗu: darajar API da asalin man

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Bayan API za ka ga haruffa biyu, SG, SJ, SL, SM, SN, harafi na biyu na ƙara gaba daraja na ƙara sabunta. SJ ta fito a 1996, SL a 2001, SN a 2010. Idan littafinka ya ce SG ko SJ, wanda ya fi su sabunta ya yi, muddin JASO MA na tare da shi. Wanda aka rubuta wa SA ko SB ko SC, na injinan zamanin kakanni ne, kada ka kusance shi.

Batun cewa sintetik, wato man da aka sarrafa ta hanyar kimiyya, na sa kuloci zamewa, ba haka ba ne. Sinadarin rage guga ne ke sa zamewa, kuma an fi samunsa a sintetik ɗin mota, daga nan zargin ya samo asali. Sintetik mai MA2 ya fi jure zafi, ya fi daɗewa. Amma ga ɗan kabu-kabu da ke juye akai-akai saboda ƙura, man gargajiya, wato wanda ba sintetik ba, na gaske mai MA ya wadatar, kuma ya fi sintetik ɗin da za a bari ya wuce lokacinsa don ƙyashin kuɗin da aka kashe.

Mataki na biyar: tabbatar ba jabu ba ne

Duk karatun da ka yi a bayan galan ya tashi a banza idan abin da ke ciki ba shi ne aka rubuta ba. Man awo da ake sayarwa a robar lemo a bakin hanya, sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadarin komai ba, ko tsohon mai da aka tace aka sake sayarwa. Ba ka san kaurinsa ba, ba ka san darajarsa ba, mai sayarwar ma bai sani ba.

Sayi lita guda a rufe, daga gidan man kamfanin ko dilan da aka sani. Duba zoben murfi bai karye ba, takardar bakin na manne, lambar rukuni da kwanan wata sun fito sarai, rubutun bai dushe ba. Wanda aka haɗa a Najeriya yakan ɗauki tambarin MANCAP na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, kodayake tambari ma ana kwaikwayonsa, don haka inda ka saya ya fi abin da aka buga muhimmanci. A buɗe a gabanka, a zuba a gabanka. In an gama, huda robar da wuƙa kafin ka yar, domin robobin da babu komai a ciki su ne jarin masu jabu.

Babur mai ƙafa huɗu

Ba su da yawa a wajenmu, amma ana ganinsu a manyan gonaki, yawanci na hannu ne da suka zo babu littafi. A nan ake yawan kuskure, domin kusan duk kamarsu ɗaya daga waje, cikinsu kuwa ya bambanta.

Na Honda, irin Rancher da Foreman masu giya, kulocinsu a cikin man injin yake, JASO MA suke so, kuma 10W-30 kamfanin ya fi ambata. Yamaha Grizzly da Kodiak da Suzuki KingQuad masu bel su ne masu yaudara. Mutum ya ga bel ya ce ai kamar sikuta ne, kowane mai ya yi. Bel ɗin a bushe yake, gaskiya ne, amma a bayansa akwai wani kuloci mai kama kansa da ke cikin man injin, kuma shi ne ke ɗaukar nauyin tashi. Ka ba shi mai santsi, ya dinga zamewa a cikin laka har ya ƙone, kuma kayansa ba a samunsu a kasuwar Jega. Polaris Sportsman kuwa ba shi da jiƙaƙƙen kuloci a injin, kamfanin na da nasa man mai kaurin 5W-50 da ya ce a zuba. Don haka nemo sunan samfurin da shekararsa, ka sauke littafinsa a waya kafin ka kwance noti ko guda.

Ka tuna kuma su ba rami ɗaya gare su ba. Ban da injin, akwai akwatin giyar gaba da na baya, kowanne da nasa man. Wasu ma birkinsu na baya a cikin man akwatin baya yake, yana da irin man da yake so, man giya na yau da kullum na iya sa shi ƙara ko rashin kamawa. Lissafin juyensu da awa ake yi, ba kilomita kaɗai ba, domin suna iya wuni suna jan kaya a gona ba su yi nisan kirki ba. A littattafan Honda, juyen farko bayan awa 20 ne, daga nan kowace awa 100 ko kilomita 1,000, wanda ya riga zuwa.

Mataki na shida: juyen kansa

Tayar da injin ya yi minti uku zuwa biyar don man ya saki jiki, ka kashe. Kafa mashin a kan babbar ƙafa a wuri mai daidai. Goge kewayen murfin mai kafin ka buɗe, kada yashi ya faɗa. Kwance notin ƙasa, ka bar shi ya tsiyaye sosai, ka ɗan karkata mashin hagu da dama. Dubi abin da ya fito. Baƙi ba laifi ba ne, alamar man ya yi wanki ne. Ƙyalƙyalin ƙarfe, ko warin ƙuna, ko warin fetur, su ne abin tsoro. Warin fetur na nuna kafireto na zuba, kuma sabon man ma zai tsinke in ba a gyara ba.

Yawancin ƙananan mashina ba su da filta ta takarda, 'yar raga ce a ƙasa, wasu kuma da wata matata mai juyi a bayan murfin kuloci. A ciro ragar a wanke. Makanikai da yawa ba sa taɓa ta sai ka ce. Mayar da noti da washarsa, in washar ta baje a canza, a ɗaure daidai ba da ƙarfin tuwo ba, domin gidan injin alminiyam ne, zarensa na saurin cinyewa.

Zuba gwargwadon abin da aka rubuta. Yawancinsu kusan lita guda suke ci, wasu ƙasa da haka kaɗan, kuma a wasu mashinan an buga adadin a jikin injin kusa da murfi. Tayar, bar shi minti biyu, kashe, jira minti biyu ko uku, sannan ka auna mashin na tsaye cak. A yawancinsu ɗora gejin, wato tsinken awon mai, ake yi a baki ba tare da an murɗa shi ciki ba. Ya tsaya tsakanin layi biyu. Cikawa fiye da ƙima ba gata ba ne, kumfa yake sa mai ya yi, ya tura shi cikin iyakilina, wato matatar iska, ya fasa sil.

Tsohon man a tara shi a jarka. Kada a zubar a kwata ko kusa da fadama inda muke noman abin da za mu ci, kada kuma a shafa wa dabba a ciwo ko yaro a ƙurji kamar yadda wasu ke yi. Gubar ƙarfe da ƙunar fetur ne a ciki.

Yaushe za a sake?

Sabon mashin, juyen farko da wuri ake yi, tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000 gwargwadon kamfani, saboda ɓarɓashin ƙarfen da sabon injin ke zubarwa. Bayan nan littafi zai ba ka tazara, amma zai ƙara da cewa a rage ta idan ana aiki cikin ƙura ko da kaya masu nauyi. Wannan kuwa mu ake nufi. A ganina, mai kabu-kabu da ke amfani da man gargajiya kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Tunda mitar yawancin mashinanmu ta daɗe da mutuwa, ka ƙiyasta tafiyarka ta yini, ka mayar da ita kwanaki, ka rubuta ranar juye a waya. Wanda ba ya hawa sosai ma kada mai ya shekara a cikin injinsa. Duba geji kowane mako, domin lita guda ba ta da rarar da za a yi asara.

Da hunturu, iyakilina ta fi mai buƙatar ido. Ƙurar da ta wuce ta cikin mai take ƙarewa, ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa. Da damina kuwa ruwa ne abokin gaba. Idan ka tsallaka rafi ko mashin ya kwanta a ruwa, ka ga mai ya koma kalar shayi mai madara, kada ka ƙara tayarwa. A juye nan take, a zuba sabo, a ɗan tayar, a sake juyewa har sai kalar ta dawo.

Idan an riga an zuba wanda bai dace ba

Alamar a fili take. Kana giyar ƙarshe ka murɗa totur, ƙarar injin ta tashi amma gudu bai ƙaru ba. A wasu mashinan har kik ma yakan yi laushi, ya dinga wucewa ba tare da ya juya injin ba. Kafin ka ɗora wa mai laifi, duba wayar kuloci. Dole hannun ya kasance da ɗan wasa, kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, kafin ka ji ya fara ja. Idan an ɗaure waya tamau, kuloci zai zame ko da wane mai ka zuba, kuma gyaran na minti biyu ne.

In wayar daidai take, juye man tun da ɗuminsa, zuba MA2, yi tafiya a hankali ba kaya na kwana ɗaya ko biyu, ka sake juyewa ka zuba sabo. Idan an farga da wuri, wannan kan wanke faranti su dawo. Idan an daɗe ana tafiya a haka, faibar ta riga ta ƙone ta yi sulɓi kamar tangaran, sai canji. A jiƙa sababbin a cikin man da za a zuba na wasu awanni kafin a ɗaura, a duba na ƙarfen ko sun yi shuɗi ko sun lanƙwashe, a auna sifirin ko sun gajarce.

Na ɗan ƙanwata kwana tara ya yi yana fama da shi da kaya kafin ya zo. Mun yi juye biyu, zamewar ta ragu amma ba ta tafi ba, sai da muka buɗe. Faibar ta yi baƙi ƙirin, biyu daga cikin na ƙarfen sun yi shuɗi. Muka canza su duka tare da sifirin da gasket, kuɗin ya ninka na litar man da ya so ya huta saye sau da dama, ga yini guda da bai fita aiki ba ana tsakiyar kakar albasa.